Na sayi sabbin rim na alminiyam, wace taya zan ɗora musu?

Abu Sumayya: Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka san harkar mota. Ina da Yaris ƙirar 2019, irin wadda take zuwa da rim na ƙarfe inci 15 da tasa a kai. Watan jiya na faɗa wani rami da dare, rim ɗaya ya lanƙwashe, aka buga shi amma bai daina sace iska ba. Da na ga haka sai na ce bari in canza gaba ɗaya, na sayi jant, wato rim, na alminiyam inci 16 guda huɗu, sababbi a kwali. Yanzu saura taya. Tsofaffina 185/60R15 ne, ba za su hau ba, dama kuma sun shiga shekara ta huɗu. Na zaga banshar, wato shagunan taya, guda uku a unguwar Kakiyya a nan Makka, kowa da tasa maganar. Na farko ya ce Michelin kawai, na biyu ya ce Hankook ta ishe ni, na ukun ya fito mini da wata 'yar China da kuɗinta bai kai rabin na Michelin ba. Kullum daga unguwar Shauƙiyya nake zuwa aiki Jidda in dawo, kuma duk bayan wata biyu ina kai mahaifiyata Madina. Riyal 1,500 na ware. Don Allah a taimaka.

Kawu na Misfala: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri a sabon jant. Tunda ka ambaci Madina da mahaifiyarka, ni maganata ɗaya ce: ka nemi 'yar Japan. Bridgestone ko Yokohama ko Dunlop. Na haura shekara talatin ina jigilar mutane a hanyar Hijira, babbar hanyar Makka zuwa Madina, waɗannan ukun na sani.

Mandub na Jidda: Kawu, a yi mini afuwa, amma riyal 1,500 ba lallai ta ɗauko Bridgestone huɗu a inci 16 ba, ga kuɗin ɗaurawa da tarsis (daidaita nauyin taya da dalma) da mizan (saita ƙafafun mota), ga haraji kashi 15 a kai. Abu Sumayya, ni Accent nake ja, rabon kaya nake yi cikin Jidda daga safe har bayan isha'i, kuma saiti na biyu ke nan nake sa Sailun. Ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Injiniya na Yanbu: Kafin a shiga gardamar suna, Abu Sumayya, wane girma suka ce za su ɗora maka? Wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci.

Abu Sumayya: Biyu sun ce 195/55R16, wai ita ce ta fi yawa a kasuwa kuma ta fi sauƙi. Ɗaya ya ce 195/50R16.

Injiniya na Yanbu: To bari mu yi lissafi, ba shi da wuya. Lambar farko faɗin taya ne a milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi kaza cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman rim a inci. Tsohuwar tayarka 185/60R15: kashi 60 na 185 ya ba ka milimita 111, ka ninka biyu saboda sama da ƙasa, ka haɗa da inci 15 wanda shi ne milimita 381. Tsayinta gaba ɗaya milimita 603 ke nan. Idan ka ɗauki 195/50R16 za ka samu kusan 601, wato kamar ba ka canza komai ba. Amma 195/55R16 tana kai kusan 621, ƙarin kashi 3 cikin ɗari. Ma'anarsa, gudun da a da agogonka yake nuna maka 120, da wannan tayar ka ƙara kusan kilomita uku da rabi a kai ba ka sani ba, kuma kyamarar Sahir mai kama masu gudu ba agogonka take karantawa ba. Sannan idan motar ta cika da mutane da kaya tana iya gogar leda ta cikin madigadi in ka karya sitiyari har ƙarshe. Ka tsaya a 195/50R16. Ita ce ma girman da Toyota take sa wa Yaris masu zuwa da inci 16 daga kamfani.

Abu Sumayya: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Wallahi saura kaɗan in biya kuɗin 55 ɗin jiya.

Ɗan Banshar: Gaskiyar Injiniya ce. Ni aikina ke nan, shekarata tara a banshar a Jidda. Dalilin da ya sa ake tura mutane 195/55R16 shi ne ita ce a jibge a shago, motoci da yawa suna cinta. 195/50R16 sai an aika sito an ɗauko, wani lokacin sai gobe. Ka yi haƙurin kwana ɗayan. Sannan ka duba lambar da ke bin girman. Za ka ga 84V ko 88V. 84 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 500, 88 kuma kilo 560. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da aka liƙa a jikin ƙofar direba. Harafin kuma na gudu ne, H har 210, V har 240. Ba don za ka yi wannan gudun ba, amma tayar da aka gina don ta jure shi ta fi jure zafin hanya.

Kawu na Misfala: Zafi dai, shi ne maganar. Yara, ku saurare ni. Su mutanen ƙasar nan "kafar" suke ce wa taya, mu ma a gida ƙafar mota muke cewa, kuma ƙafa in ta karye a guje ba a tambayar nawa aka saye ta. Wata shekara cikin bazara na ɗauko iyali guda daga Makka, mutum shida har da jariri. Mun wuce garin Yutama kaɗan a hanyar Madina, ana dab da la'asar, na ji ƙara kamar harbin bindiga daga baya. Motar ta fara rawa, ta nufi gefen hanya. Allah ya taimake ni ban taka birki ba, na riƙe sitiyari da hannu biyu na ɗaga ƙafa daga totur har ta tsaya da kanta. Da na sauko na ga tayar, fatar samanta ta ɓare gaba ɗaya, waya duk a waje. Zanenta bai ƙare ba, ko rabi bai ci ba. Ba zan faɗi sunanta ba, amma na saye ta ne don araha, a wani shago da ban sani ba, ban duba komai a jikinta ba. Matar da ke riƙe da jaririn ta zauna a gefen titi tana kuka tana salati. Har yau in na wuce wajen sai gabana ya faɗi. Tun ranar na yi wa kaina alkawari, kome zan yi wa tsumulmula a mota, ban da taya da birki.

Ummu Khalil: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa, Kawu.

Mandub na Jidda: Allah ya kiyaye gaba, Kawu. Amma ku lura da abin da kuka faɗa da bakinku: ba ku duba komai a jikinta ba. Wataƙila ta shekara biyar a sito kafin a sayar muku. Wataƙila iskarta ta yi ƙasa. Wannan ba hujja ba ce a kan kowace taya mai sauƙin kuɗi. Sailun da Linglong da Triangle manyan kamfanoni ne, suna sayarwa a Turai ma. Kuma in ana maganar China, Kumho ta Koriya da ake yabo, tun 2018 kamfanin Doublestar na China ne ya sayi kaso mafi girma a cikinta. Ita ma 'yar Japan ɗin da kuke faɗa, ku duba gefenta, sau da yawa za ku ga an rubuta Tailan ko Indonesiya.

Kawu na Misfala: Ko a ina aka yi ta, mai sunan ne yake tsaye a kan aikin. Ɗinkin babban tela ko yaronsa ne ya ɗinka, shi ya yanka.

Ɗan Banshar: Ku duka biyun kuna da gaskiya ta wani ɓangare. Bari in faɗi abin da idona yake gani. Michelin da ke zuwa mana a waɗannan ƙananan girman yawanci 'yar Tailan ce, Bridgestone Tailan ko Indonesiya ko Turkiyya, Yokohama Japan ko Filifin ko Tailan, Hankook Koriya ko Indonesiya, Kumho sau da yawa Biyetnam. Ban ga wani bambancin da zai sa in hana mutum saye ba. 'Yan China kuma kashi biyu ne. Akwai sanannun da Mandub ya lissafa, masu wakili a ƙasar nan da takardar garanti. Akwai kuma waɗanda suna ne kawai aka buga, bana ka gan su baɗi babu su, in taya ɗaya ta lalace ba za ka samu 'yar uwarta ba. Waɗannan na biyun ko kyauta aka ba ka kada ka hau hanyar Madina da su. A cikin gari, gudun 60 zuwa 80 kamar aikin Mandub, sanannun suna yi. Amma hanyar Hijira an ɗaga gudunta zuwa 140 tun 2018, kuma tafiyar ta haura kilomita 400. Awa uku zuwa huɗu taya tana juyi a kan kwalta mai ƙuna. Wannan wani gwajin ne daban.

Mandub na Jidda: Na yarda da rabin maganar. Ni ma na je Madina da Sailun sau uku lafiya lau.

Ɗan Banshar: Ban ce za ta fashe ba, ɗan uwa. Cewa na yi in ni ne, da tsohuwa a kujerar baya, zan ƙara ɗan kuɗi.

Ummu Khalil: Ni a kan tarihi, wato lokacin da aka ƙera taya, zan yi magana, don ya taɓa faruwa da ni. Na fara tuƙi ne a ƙarshen 2018, watanni kaɗan bayan an buɗe wa mata. Karon farko da na je canza taya ni kaɗai, na nemi babban suna, na biya kuɗi masu yawa, na dawo gida ina murna. Sai ƙanin maigidana ya tsuguna ya duba, ya ce mini Anti, waɗannan sun kusa shekara uku da ƙerawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba rangwame aka yi mini ba, cikakken kuɗi na biya. Washegari na koma da fatura, wato rasit, a hannu, na ce ko a canza ko in kira 1900, lambar Ma'aikatar Ciniki. Nan take aka canza. Abu Sumayya, kada ka bari a ɗaura taya sai ka karanta lambobi huɗun nan na ƙarshen layin da ya fara da DOT, kuma ka duba dukkan huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ni biyu aka nuna mini masu kyau, sauran biyun aka shigo da su ta baya.

Abu Sumayya: Hajiya, yaya ake karanta su?

Ummu Khalil: Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3424, mako na 34 ke nan na shekarar 2024. Wani lokacin a gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai ka juya tayar. Ƙa'idar ƙasar nan ita ce ba a sayar da tayar ƙaramar mota in ta wuce wata 24 da ƙerawa.

Kawu na Misfala: Ni in ta wuce wata shida ma ba na karɓa.

Ɗan Banshar: Nan kuma Kawu kun tsananta. Taya daga masana'anta zuwa jirgin ruwa zuwa tashar Jidda zuwa siton wakili zuwa shago, wata uku zuwa huɗu sun tafi cikin sauƙi. Wadda ta yi wata takwas ko goma a sito mai rufi, ba rana ba ruwa, babu abin da ya same ta. Abin da zan ce a guje shi ne wadda aka jera a bakin shago rana tana dukanta kullum. Wannan ko watanta biyar ne, ka ce a ba ka ta ciki. Masu nacewa sai sabon tarihi sukan biya ƙarin kuɗi a kan abin da bai ƙara musu komai ba. Ƙasa da shekara ɗaya ya yi.

Ɗalibi a Madina: Malamai, a ba ni dama in sako tambaya. Mu da kuɗinmu bai kai ba, yaya batun tayar hannu? A gida Kano ai 'yar Beljiyam kowa yake sawa, kuma wasu suna cewa tsohuwar Michelin ta fi sabuwar 'yar China.

Injiniya na Yanbu: A'a malam, kada ka fara. Na farko, an hana sayar da tayar hannu a ƙasar nan, duk wanda ya fito maka da ita daga bayan shago ya san abin da yake yi. Na biyu, roba tana bushewa da shekaru ko ana hawanta ko ba a hawa, kuma zafi yana hanzarta bushewar. Ba ka san ko an taɓa tuƙa ta babu iska ba, ba ka san ko wayar cikinta ta taɓa karyewa a rami ba, kuma daga waje ba a gani. Sabuwar Sailun mai tarihin bana ta fi tsohuwar kowane kamfani da ba ka san inda ta fito ba. A nan kam ina bayan Mandub.

Na Mai Wurno: Salamu alaikum jama'a, daga Riyad. Mu a Sudan "lastik" muke ce mata. Kafin in zo nan na yi shekaru ina bin hanyar Sinnar zuwa Madani zuwa Khartum, kuma abin da na koya a can shi ne ƙarancin iska ya fi kashe taya fiye da sunanta. Direbobi da yawa in zafi ya tsananta sai su rage iska, wai kada ta fashe. Wannan shi ne ainihin abin da ke fasa ta. In iska ta yi ƙasa, gefen tayar yana ta lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, wannan murzawar ce take dafa ta daga ciki har fatar ta rabu da waya.

Injiniya na Yanbu: Daidai. A auna iska da safe kafin mota ta motsa, a sa abin da takardar ƙofa ta ce. In ka tsaya a hanya ka auna ka ga ta hau da uku ko huɗu, haka ya kamata ta yi, kada ka sace ko kaɗan. Kuma lambar da ke jikin tayar kanta, wadda ta kai 44 ko 51, iyakar abin da take ɗauka ne, ba abin da za ka sa ba.

Abu Sumayya: Naitrojin fa? Wani ya ce in ƙara kuɗi a sa mini, wai yana sanyaya taya.

Injiniya na Yanbu: Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitrojin ce. In kyauta ne karɓa, yana ɗan jinkirin zurarewa. In da kuɗi ne, gara ka sayi ɗan geji ka ajiye a mota.

Ɗan Banshar: Saura abu biyu da za ka duba a jikin tayar. A gefe za ka ga ƙananan rubutu uku a jere da Turanci, na cin zane, na kama ƙasa, na jure zafi. Na zafin A ne ko B ko C. Ka nemi A. Sai kuma takardar SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar nan, da ake liƙawa a saman sabuwar taya, mai nuna cin mai da kama jiƙaƙƙen titi. In babu wannan takardar, ka tambayi ta ina tayar ta shigo.

Ummu Khalil: Kada a raina na jiƙaƙƙen titin nan. Mutane suna cewa ai ba a ruwa a nan. Wanda yake Jidda ranar 24 ga Nuwamba 2022 ya san ana yi. Kuma ba sai ambaliya ba, yayyafin farko bayan watanni babu ruwa shi ya fi santsi, don ƙura da mai sun kwanta a kwalta. Wanda yake hawa Hada zuwa Ɗa'if lokacin hazo ma ya sani. Ni yanzu Michelin Primacy nake sawa, kuma abin da ya riƙe ni a kanta shi ne shirunta da yadda take tsayawa in na taka birki. Tana da tsada, ban musa ba.

Abu Sumayya: Hajiya, na tambayi kuɗinta a wannan girman, huɗu sun wuce abin da na ware da nisa.

Mandub na Jidda: Kuma ka tuna, kai kana cin kusan kilomita 150 a rana. A shekara biyu ka cinye kowace taya ce, tun kafin rana ta busar da ita. Wanda motarsa take kwana a ƙofar gida ita ce shekaru suke kashe wa taya. Kai zane ne zai ƙare maka. Ka raba kuɗin da kilomitar da za ta yi maka, ka ga wadda ta fi.

Injiniya na Yanbu: Lissafin yana da kyau, amma yana iya juyowa kanka, Mandub. In mai tsadar ta yi kilomita da yawa fiye da mai arahar, tazarar kuɗin tana raguwa. Ga kuma mai. A riyal 2.18 kowace lita ta fetur mai lamba 91, mutumin da yake Makka zuwa Jidda kullum, ko ɗan ƙaramin bambanci a jan taya yana taruwa a ƙarshen shekara. Dama 195 ta fi 185 faɗi, za ta ɗan ƙara maka shan mai, don haka ka zaɓi mai kyakkyawan mataki a takardar SASO.

Kawu na Misfala: Ni dai ban iya waɗannan lissafin ba. Na faɗi abin da na gani.

Abu Sumayya: Kawu, maganarku ce ma ta fi tsaya mini a rai. Ita ta sa na cire ta shago na uku daga lissafi.

Ɗan Banshar: To tunda Michelin ta fi ƙarfin aljihu, ka tambayi kuɗin waɗannan a 195/50R16: Dunlop LM705, Yokohama BluEarth, Hankook Ventus Prime, sai Kumho ko Nexen. Duk suna tsakiya. Wadda ka samu da tarihi mai kyau da garantin wakili a rubuce cikin fatura, ɗauka. Sannan bari in yi maganar jant ɗin kansa, don nan ne mutane suke kuka daga baya su ɗora wa taya laifi. Yaris noti huɗu ce, a kan da'ira mai faɗin milimita 100, ramin tsakiya milimita 54.1. Yawancin jant na kasuwa ramin tsakiyarsu ya fi haka faɗi, 67.1 ko 73.1, don su hau motoci iri-iri. In haka naka yake, sai ka sa zobe ya cike gurbin, in ba haka ba sitiyari zai iya yi maka rawa daga gudun 100 zuwa sama ko an yi tarsis sau goma. Ka duba kwalin ka faɗa mini. Ka duba noti kuma, ko bakinsu ya zauna daidai a ramin sabon jant. A sa sabbin bawul. Dalmar tarsis kuma a sa mai liƙewa ta ciki, kada su buga maka mai maƙalawa a baki, tana kankare fenti.

Abu Sumayya: Na duba. An rubuta 16x6.5, 4x100, sai 73.1.

Ɗan Banshar: Faɗin 6.5 ya dace da 195. Ka nemi zobe 73.1 zuwa 54.1 guda huɗu, ana samu a shagunan kayan ado na mota. Kuma ka tsaya a kansu lokacin ɗaurewa. Kada a ƙarasa noti da bindigar iska, a ƙarasa da sifana mai awo, ƙarfin ɗauri 103 Nm Toyota ta rubuta. Bayan ka yi kilomita 50 zuwa 100 ka koma a sake bi, alminiyam yana ɗan zama.

Na Mai Wurno: Ka kuma shirya wa taurin mota. Gefen tayarka ya sauko daga milimita 111 zuwa 97 da rabi, wato matashin da ke tsakaninka da rami ya ragu. Tudun rage gudu na cikin unguwanni ka hau shi a hankali. Ƙarfe in ya lanƙwashe ana bugawa, alminiyam kuwa yakan tsage.

Ɗalibi a Madina: In mutum biyu kawai zai iya saye fa, gaba zai sa ko baya?

Injiniya na Yanbu: Baya, ko da motar da gaba take ja. In gaba ta zame kana da sitiyari a hannu, in baya ta zame motar juyawa take yi. Amma wannan ba na Abu Sumayya ba ne, shi dole huɗu.

Abu Sumayya: Jama'a, barkanku da dare. Na dawo da bayani. Jiya bayan la'asar na je wajen wakili a Jidda maimakon ƙananan shagunan. Yokohama babu girman sai mako mai zuwa. Dunlop akwai, amma biyu tarihinsu ya bambanta da sauran biyun da kusan shekara, na tuna maganar Hajiya na bari. Na ɗauki Hankook 195/50R16, 88V, zafi A, dukkan huɗun mako ɗaya aka yi su, watansu biyar. Da zobe da bawul da tarsis da mizan na ƙara kaɗan a kan abin da na ware. Na tsaya a kansu har aka ɗaure da sifana. Na dawo Makka a 110 zuwa 120, sitiyari ko motsi. Taurin da Na Mai Wurno ya faɗa akwai shi, ana jin haɗin gada fiye da da, amma motar ta fi zama a kwana. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Mandub na Jidda: Allah ya sa a kashe lafiya. Da ka bi tawa da ka rage kuɗin man wata guda, amma ba ka yi asara ba. Bayan shekara ka zo mu gwada zane, naka da nawa.

Kawu na Misfala: 'Yar Koriya ce, ba 'yar Japan ba, amma na san masu hawanta a hanyar Madina da yawa ba su yi kuka ba. Allah ya tsare. In za ku tafi ku fita bayan asuba, kada ku bari azahar ta same ku a tsakiyar hanya. Ka gaishe mini da Hajiya babba.

Ɗan Banshar: Tsaya, safaya fa? Me ka yi da ita?

Abu Sumayya: Tana nan a but, ta ƙarfen da motar ta zo da ita. Ban taɓa sauke ta ba.

Ɗan Banshar: To tun 2019 ke nan ko kafin nan. Gobe ka fito da ita ka karanta tarihinta, ka duba ko gefenta ya fara tsattsagewa, ka auna iskarta. In ta bushe, ka ɗauki mafi lafiya a cikin tsofaffin tayoyinka huɗu ka sa a madadinta, tsayinsu ɗaya da sababbin. Kuma in an canza maka noti, ka ajiye tsofaffi huɗu a leda kusa da jak, ka gwada ko sifanar motar tana kama sababbin.

Abu Sumayya: An canza, sababbin sirara ne masu ɗan makulli nasu. Tsofaffin na bar su a shagon, tayoyin ma haka. Bari in kira su yanzu kafin su rufe.